Kwalbatin Halliru

Me ke sa mai ƙwaƙwalwa ya fi tsoron a yi masa tambaya fiye da tsoron ya yi kuskure? Na daɗe ina juya wannan a raina, har yau ban sami amsa ba.

Halliru ɗan Babura ne, yana ajin ƙarshe a wata makarantar fasaha da ke yankin Kazaure, a shekarun da kuɗin fetur ya sa ana ta shimfiɗa tituna. Tun daga firamare shi ke zuwa na ɗaya, kuma kullum gabansa na faɗuwa kada wani ya ƙwace masa.

Malam Zarami, malaminsu na gine-gine, ya raba 'yan ajin rukuni-rukuni. Rukunin Halliru aka ba zanen kwalbati a wani rafi kusa da Roni. Ƙa'idar malamin guda ce: kowa ya baje aikinsa a tsakiya, sauran su yi ta tambayarsa dalili, shi kuma yana zagayawa yana saita su.

Halliru ya ƙi. Ya je shi kaɗai da rani, ya auna busasshen rafi, ya yi zanensa ya ɓoye.

"Gwani, a ɗan san mana mana," in ji Lauwali, ɗan Roni da ke rukunin. "Ko zanen ma kulle ake yi masa?"

"In an gina ka gani."

Da zai miƙa zanen, Malam Zarami ya tambaye shi, "Kun tattauna?"

"Mun tattauna, Malam," in ji Halliru.

Lissafin ba kuskure, sai aka gina. Amma Halliru ya tashi ne a ƙasar rairayi, inda ruwa ke nutsewa a hankali. Bai san yadda yake gangarowa daga duwatsun Roni ba. Tun da aka gina, duk lokacin da hadari ya haɗu sai ya tuna ƙaryar da ya yi wa Malam.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi, bakin kwalbatin ya yi kaɗan. Ruwa ya juya ya shiga gidan wata tsohuwa, Adda Dela, ya kayar da rumbunta.

Da 'yan rukunin da Malam Zarami suka je, suka tarar da ita tana tsintar gero a cikin laka. Ta ɗago ta dube su.

"'Ya'yana, wane ne mai ilimin a cikinku? Ya gaya mini abin da jikokina za su ci."

Halliru ya sunkuyar da kai. Lauwali ya ce a hankali, "Kowace damina ruwan nan har gindin tsamiyar can yake kaiwa. Da ka nuna mini, da na faɗa."

Malam Zarami ya ce a sake zanen, in ba haka ba babu takardar shaida.

Jama'a, ilimin da aka ɓoye wa tambaya, kuskurensa ma ɓoyewa yake yi, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ke shan wahalarsa.

Washegari Halliru ya shimfiɗa sabon zane a tsakiyar tebur.

"Lauwali, fara tambayata."