Kada Ya Shiga Ɗaki

Saƙon ya shigo wayar Zulaihatu da hantsi, lokacin da mijinta Na'Allah yake tsaye kan turmi yana ɗaga tasa wayar sama, wai ko sabis zai ji tausayinsa. Kalma huɗu ce kacal, daga ƙanwarta Khairiyya: Kada ya shiga ɗaki.

Da ta karanta masa, Na'Allah ya sauko daga turmin ba tare da ya san ya sauko ba.

Bikin suna suka zo gidan ƙaninsa a Ƙofar Taramniya, da niyyar komawa Kwalkwalawa kafin magariba. Sai guguwa ta taso da la'asar, irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ta kwashe kwanon gidaje, ta kayar da turakun wuta, ruwa ya biyo bayanta ya shafe hanya. Dole suka kwana, shi kuwa kwanan zaune ya yi.

Ba rufin gida ne ya hana shi barci ba. Shi da Zulaihatu kiwon kunkuru da damo suke yi, amma abin alfaharinsu Tambari ne, wani ƙaton kada da suka raina tun yana kamar ƙadangare. Ɗalibai kan zo kallonsa, masu kiwo daga nesa kan kawo masa mata. Sai dai Inna Maimunat, uwar Zulaihatu, da ke zaune bayan gidansu a tsohon ɗakinta na ƙasa, ta tsani dabbar kamar ciwon haƙori. Mai unguwa kuma ƙaninta ne. Ta sa ya yanke hukunci a bainar jama'a: ranar da aka sami matsala ko guda daga gidan, maharbi zai zo, a cike ramin da ƙasa.

“Mu tahi,” in ji Na'Allah. “Babban abu dai, kada Inna ta ji.”

Sun kira Khairiyya har yatsa ya gaji, wayar ba ta shiga. Suka hau babur zuwa inda hanya ta ƙare, suka shiga kwalekwale, sauran kuma suka taka cikin laka. Duk wanda ya yi musu jaje, Na'Allah sai ya washe baki ya ce lafiya lau, ya ƙara sauri. Ko ta ƙofar surukarsa bai bi ba, ya zagaya ta gonar dawa kamar ɓarawon akuya.

Gidan ya sha kashi. Bishiyar dogon yaro ta faɗa cikin ramin Tambari, reshenta ya zama tsani, ruwan ya yi jawur ba a ganin komai. Kunkuraye sun bazu a tsakar gida, kowanne yana gudun hijira iya ƙarfinsa. Ɗakin kwanansu ne kaɗai ya tsira da rufinsa.

Na'Allah ya tura ƙofar a hankali, ta ƙi motsi.

“Ya jingina da ita,” ya raɗa wa matarsa. “Wanga dabba akwai wayo.”

Ya kasa kunne. Daga ciki wani gurnani ke fitowa, mai nauyi, yana hawa yana sauka. Tausayi ya kama shi, har idonsa ya ciko. Bawan Allah, tsoron iska ne ya koro shi, ya rasa inda zai fake sai ɗakin ubangidansa.

Suka zagaya taga. Ɗakin duhu, amma ga shi can a ƙasa, dogo, miƙe a kan tabarma, gefen gadon da yoyo ya jiƙa. Na'Allah ya ɗauko bushasshen tarwaɗa ya jefa, ya sauka daidai kan. Gurnanin ya tsaya, abin ya ɗan muskuta, gurnanin ya ci gaba. Wani ƙamshin man zafi ya bugi hancinsa, ya ce a ransa lallai Tambari ya fasa kwalbar da ke kan tebur.

Aikin ba baƙo ba ne gare su. A rufe wa kada ido da jiƙaƙƙen buhu, mutum ɗaya ya haye baya ya danne kai, ɗaya ya riƙe wutsiya, sannan igiya. Sun yi haka ba sau ɗaya ba, kuma har yau yatsunsu cikakku ne.

Na'Allah ya cire ragar tagar, ya naɗe wando, ya yi bismilla. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu, Zulaihatu na biye. Ya auna da kyau, ya wurga buhun, ya daka tsalle ya haye.

Abin ya yi wata irin zabura, ya shiga birgima da gunji a ƙarƙashin buhu. Na'Allah ya matse cinyoyinsa, ya danne da dukkan ƙarfinsa. Ya ji bayan ya yi laushi fiye da yadda ya sani, ya ɗora laifin a kan ruwan jiya.

“Kwanta, ɗan banza!” yake cewa yana haki. “So kake tsohuwar ga ta sa a harbe ka? Ka san ba ta da imani! Zulai, riƙe wutsiya!”

Zulaihatu ta riƙe. Sai kuma ta ƙara lalubawa.

“Malam,” ta ce a hankali, “wutsiyar ga biyu ta.”

Daidai nan haske ya ragu a taga. Khairiyya ce ta leƙo da kwanon kunu a hannu, ta dube su, kwanon ya suɓuce.

“Yaya! Ba ku ga saƙona ba? Cewa na yi kada ya shiga ɗaki, ɗakin Inna ya rushe, tana kwance nan cikin naku!”