Wasan Rijiyar Belbeji

"Gyara nan," in ji ma'aikacin ofis mai kula da kwamfuta, yatsansa a shafin farko na kayena, littafin rubutuna. "Ordinatarmu mutum ɗaya ke wasa a kanta."

Shekara huɗu nake tsara wasan nan a takarda, tun farin tamanin da huɗu: makiyaya su shayar da shanu kafin ƙishirwa ta kashe su.

"Ba ya yiwuwa, malam. Ɗaya na kora raƙumi ya ja igiya, ɗaya na karɓar guga a bakin rijiya."

"To kai da wa za ku buga?"

Na rufe kayen. Ban gaya masa ƙanena ya kora raƙuminmu arewa a shekarar farin ba, shiru har yau. Dokar farko da na rubuta ita ce: igiya na ƙarewa, mai raƙumi ya juyo.