Fakara Biyu a Rami Ɗaya

Wani ma'aikaci ya je wurin tsohon malaminsa na kwamfuta neman shawara. Kwamfutocin ofishinsu duk manhajar Linux ce a kansu, kuma ba su da na'urar da ke raba adireshi. Duk wadda aka jona sai ta zaɓi lambar adireshi da kanta, ta tambayi sauran ko akwai mai ita, in ta ji shiru ta riƙe. Shi kuwa so yake ya toshe bakin guda ɗaya, wadda aikin ofishin duka ke cikinta, ta daina amsa kowace tambaya, don kada ɓarayin yanar gizo su san tana nan. Malam ya dube shi ya ce, "Zauna tukuna, ka ji wannan."

An yi wani ramin haƙar zinari can cikin daji, inda babu sarkin haƙa, babu mai raba wa mutane wuri. Baƙi ne daga gari-gari, kowa na ɓoye sunansa na yanka, ga laka ta shafe fuskoki har uwa ba za ta gane ɗanta ba. Daga sama baki ɗaya ne, amma a ƙasa ramin ya rarrabu lungu-lungu. Sai suka yi wa kansu al'ada: duk mai sauka ya zaɓi sunan tsuntsu, ya leƙa ya tambaya da ƙarfi ko akwai mai shi, ya kuma maimaita. In an amsa daga ƙasa ya nemi wani, in shiru suna ya zama nasa. Lokacin tashi a kira sunayen, kowa ya amsa daga sama, sannan a janye igiya.

To, akwai wani mahaƙi da ya ɗauki Fakara tun da safe. Ya kutsa wani lungu mai nisa, yana sara, sai ga wani abu na ƙyalli a jikin dutse. Murna ta kama shi, ya rage hasken tocilarsa. Ana nan wajen azahar ya ji muryar wani sabon zuwa daga sama: "Akwai mai Fakara?" Ya buɗe baki zai amsa, sai wayon banza ya zo masa. In ya yi magana za a gane lungun da yake, a taru a kansa kamar ƙudaje. Aka maimaita, ya yi gum. Aka sake, ya ma riƙe numfashi, yana yaba wa kansa dabara. Sabon zuwa ya ji shiru, ya ɗauki sunan ya sauka.

La'asar ba ta yi ba hadari ya haɗu. Na sama suka yi kururuwa, aka riƙa jawo mutane da sauri. Shi yana can ciki, bai ji ba, sai da ruwa mai sanyi ya taɓa masa ƙafa. Ya rarrafo, gwiwa na gurjewa, ya nufi bakin rami. Tun kafin ya ƙarasa ya ji ana kira. Hasbiya ya amsa, Zalɓe ya amsa, Shirwa ma. Aka ce Fakara, sai wata murya da ba tasa ba ta ce, "Ga ni." Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Da ya iso ya ɗaga kai, wutsiyar igiya ya gani tana hawa, ta riga ta wuce inda hannu zai kai. Na sama ba su da laifi ko kaɗan. Sun kira Fakara, Fakara ya amsa, suka rufa a guje neman mafaka.

Ya tsaya a gindin rami, jan ruwa na kwararowa ta kansa, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ya kama bango zai hau, laka ta zame da shi. Nan ya shiga kwarara amsar da ya hana da rana, yana cewa shi ne Fakara, yana nan, sunansa ne. Aradu na cinye muryar tun ba ta kai rabin rami ba. Dutsen mai ƙyalli da ya ɓallo na cikin aljihunsa, bai ko tuna da shi ba. Bayan kwanaki, da ruwa ya janye, suka sauka suka same shi, har aka rasa sunan da za a kai wa danginsa.

Malam ya ce, "Inda babu mai rabo, bakinka ne ke tsare maka wurinka. Ka toshe bakin na'urar nan, ranar da wata sabuwa ta tambayi lambarta za ta ji shiru ta ɗauka, duk abin da aka aiko wa taku ya tafi hannun baƙuwa, na'urarku kuwa ta ɓace tana kunne. Da ma Hausawa sun ce, shiru ma magana ce."