Ɓarawon Ruwan Rijiyar Si Larbi

"Karanta masa, Injiniya!" Si Larbi ya ce, yana nuna maƙwabcinsa Bushaib da sanda. "Yau ƙarya ta ƙare."

Injiniya Ibtisam ta buɗe kwamfuta a bakin rijiyar. Sati uku ke nan da ta zura na'urar auna ruwa a ciki, ta saita ta tana rubuta zurfinsa duk minti biyar.

"Kullum bayan azahar ruwan yana sauka mita uku," in ji ta. "Minti goma, sai ya dawo."

"Ka ji! Injin da ka ɓoye ne ke zuƙe min ruwa!"

"Wane inji, Alhaji? Ni da jaki nake ban-ruwa!"

"Ka faɗa wa alƙali gobe."

Suna cikin haka Lalla Zuhur, matar Si Larbi, ta iso. Ta gaishe su, ta kama wayar na'urar ta yi ta jawowa. Sai ga ƙatuwar kankana ɗaure a jiki, tana ɗigar ruwa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ta ce wa Injiniya. "Igiyar nan taki ta fi tamu ƙwari, kullum bayan azahar da ita nake jawo kankanata. Ku zauna in yanka. Alhaji ba ya barcin rana sai ya sha mai sanyi."