Majemi da Ruwan Bagaruwa

Tunda kana ganin ƙarfin magani shi ne amfaninsa, bari in ba ka labarin wani majemi. Mutumin nan ya tashi cikin sana'ar jima, ya san bagaruwa kamar yunwar cikinsa. Ya sha ganin ɗanyar fata ta fara wari, ƙudaje sun yanyame ta, amma da ta kwanta cikin ruwan 'ya'yan bagaruwa sai ruɓa ta tsaya cak, ta fito fes har a ɗinka takalmi da ita. Wata rana yana kankare fatar akuya, wuƙa ta zame ta tsaga masa tafin hannun dama. Ya raina abin, ya ci gaba da aiki cikin ruwan majema, kafin ya ankara hannu ya kumbura, miki ya tara mugunya. Yayarsa, wata dattijuwa da ta san itatuwa, ta dafa masa 'ya'yan bagaruwa kaɗan a ruwa mai yawa, ta tace, ta bari ya huce, ta wanke mikin. Ta ce masa, "Safe da yamma, tsarara kamar haka. Kada ka ƙara masa komai, kuma in ka ga ja yana hawa hannu, ka tafi asibiti." Ya bi maganarta. Mugunya ta ƙafe, wari ya ɗauke, sabon nama ya fara tasowa jajir. Abin da ya rage bai fi ƙwayar wake ba.

To, Babbar Salla ta matso, lokacin da fatun layya ke cika majema, kowane majemi yana jiran ta kamar manomi da ruwan fari. Kullum sai ya buɗe hannu ya dubi ɗan gurbin nan da ya ƙi rufewa, ransa ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa, in tsararon ruwa ya yi wannan aiki, ina ga mai kauri? Sai ya dafa bagaruwa har ta yi baƙi ƙirin ta kama tukunya, ya daka ɗanyar tafarnuwa don ya ji an ce tana kashe ƙwayoyin cuta, ya cuɗa su, ya danna a mikin, ya ɗaure tam da tsumma. Zafi ya taso masa har kafaɗa. Ya cije haƙora yana murna, wai magani ne ke aiki. Bai gaya wa yayarsa ba, don ya san abin da za ta ce. Da ya kwance tsumman, sai ya ga tafin hannun ya saluɓe, sabon naman ya ƙone, gurbin ƙwayar wake ya koma faɗin bakin ludayi. Abin da ke kashe cuta bai san bambancinta da tsokar mai ita ba in an sakar masa linzami. Ta wannan sabuwar ƙofa ciwo ya shiga ya yi zurfi, zazzaɓi ya kayar da shi, aka ɗauke shi sai asibiti. Likitoci sun yi ƙoƙari, sun ceci hannun daga yankewa, amma yatsu biyu suka sandare, ba su sake lanƙwasuwa ba. Ranar da ya koma majema, ya ɗauki wuƙarsa, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Abokan aikinsa suka kau da kai don kada ya ga sun gani. Ya daɗe tsaye yana kallon hannun, sannan ya nemi gindin bango ya zauna.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.