Siginar Motar Malama

Mai wayarin mota ya kunna siginar hagu, ya saurara, ya yi dariya.

"Yallaɓai, wannan ai gudun tsere take yi. Wa ya sa muku ƙwayayen LED?"

"Ni ne," in ji mijin Malama. "Wata biyar ke nan."

Ya sa su ne ana gobe zai tafi kwas na wata huɗu, don matarsa ta daina fama da ƙwan da ke yawan ƙonewa. Malamar firamare ce, motar tata ce. Tun ranar siginar ta haukace, tana ƙyaftawa ba numfashi. Ya ce in ya dawo zai duba. Bai gama kwas ɗin ba aka kira shi a waya, ya wuce asibiti da jakarsa a kafaɗa.

Mai wayarin ya zaro filasha, 'yar na'urar da ke sa sigina ƙyaftawa, daga ƙarƙashin sitiyari.

"Sababbin nan ba sa jan wuta. Ita kuma wannan sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta dinga sauri tana sanar da kai. A canza ta da mai dacewa da su, shi ke nan."

Mijin ya gyaɗa kai. Ko ba komai, yau ya sami abin da yake da magani.

Sati shida ke nan da sallamo matarsa daga asibitin, ta dawo ba ciki ba goyo. Masu zuwa sannu sun ɗauke ƙafa. Makaranta ta ƙara mata hutu. Tana cin abinci in an matsa, tana amsa magana da "to". Ya sayo turare, ta ajiye. Ya kawo zancen tafiya gida wurin iyayenta, ta girgiza kai. Abu ɗaya take yi da kanta: kullum bayan la'asar sai ta shiga motar a tsakar gida, ta murɗa makulli, ta kunna sigina, ta jingina kai da kujera. Ba ta fita ko'ina. Daga taga yake ganin fitilar tana ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf a jikin bango, kamar tana tuna masa alkawarin da bai cika ba.

Minti goma aka gama. Sigina ta dawo hayyacinta: ƙas, shiru, ƙas.

"Yanzu ta zama dattijuwa," in ji mai wayarin, ya jefa tsohuwar filashar cikin tarin ƙarafa.

Mijin ya iso gida daidai la'asar. Ya ajiye makulli inda ya ɗauka, ya tsaya jikin taga yana jira, har da ɗan murmushi.

Malama ta fito, ta shiga, ta kunna. Fitilar ta haska, ta huta, ta haska. Ta kashe, ta gwada dama. Ta sake hagu. Sai ya ga ta kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunta suna rawa.

Ya fita da gudu ba takalmi.

"Malama, lafiya? Gyara ta na yi. Na ga ta dame ki."

Ta daɗe kafin ta ɗago. Ba fushi a idonta, shi ya fi tsorata shi.

"Ba laifinka ba ne, ba ka nan ranar da na je awo," ta ce. "Da suka ɗora min na'urar a ciki, da irin wancan saurin na siginar zuciyar ɗanmu take bugawa."