Buhun Gishirin Keana

"A kwance buhun," in ji alƙali.

Manomin ya ji sanyi a ransa. Bara ya zo Lafia daga Agyaragu neman rancen kuɗin wuri dubu goma a wajen wani attajiri. Attajirin kuwa mai tsoron Allah ne, ba ya cin kuɗin ruwa. Sai ya sayar masa da buhun gishirin Keana bashi a dubu ashirin, nan take ya sake saye a dubu goma, kuɗi hannu. Buhun ko motsawa bai yi daga zaure ba. Yanzu ga shi ya kasa biya, ana neman gonarsa.

Aka kwance. Yashi ne zalla.

"Allah gafarta malam, ka gani! Ko gishirin ma babu!" in ji manomi.

Alƙali ya dangwala ya ɗanɗana, don shari'a ba ta son gaggawa.

"Yashi ne. Wa ya sayar da shi daga ƙarshe?"

"Ni ne, amma..."

"Kai ka sayar wa bawan Allah yashi da sunan gishiri?"

Aka ba attajiri gonar, aka ci manomi tara. Sannan aka ɗaure buhun da kyau aka mayar zauren attajiri, don mutum uku na jiran rance.